Sakkwato: Alamomin da kulocin mota ke bayarwa kafin ya mutu

Yawancin motocin haya da ke jigila daga birnin Sakkwato zuwa Illela, Tambuwal ko Gusau masu giyar hannu ne, irin su Golf da Sharon da Hiace. Lafiyarsu a kan kuloci take, domin shi ke haɗa ƙarfin inji da giya, shi kuma ke raba su idan za a sauya giya.

Kuloci ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba, sai ya yi gargaɗi tukuna.

Babbar alama ita ce direba ya taka totur, inji ya yi ruri, amma gudun motar bai ƙaru ba. Wannan yana nufin faifan kuloci ya cinye, yana zamewa maimakon ya kama. An fi jin haka idan an yi lodi mai nauyi, kamar buhunan albasa, ko a wajen hawa gada.

Ta biyu ita ce warin ƙuna, musamman a cunkoson Babbar Kasuwa, inda ake tafiya ana tsayawa, ƙafa na kan kuloci. Gugar da faifan ke sha ita ke ƙona shi.

Idan giya tana gardama ko tana gurnani wajen shiga, kulocin ba ya sakin inji gaba ɗaya. Idan abin takawar ya yi laushi ko ya nutse ƙasa, sai a duba ko mai na yoyo. Ƙarar da ke tashi idan an taka, ta ɗauke idan an saki, galibi daga boris take.

Makanikai suna da gwaji mai sauƙi. A tsayar da mota a fili, a ja birkin hannu, a sa giya ta 3, sannan a saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu, faifan yana kamawa. Idan ya ci gaba da aiki, ya cinye.

Jinkiri yana ƙara kuɗin gyara, domin faifan da ya ƙare yakan goge ƙarfen injin da yake mannewa a kai, har shi ma sai an sauya. Hatsarin ya fi haka: motar da ta kasa jan gudu yayin wuce tirela, rayukan fasinjoji ne a kan siraɗi.

Rigakafinsa shi ne a sauke ƙafa daga kuloci da zarar giya ta shiga, a sa furi a wurin jira, a rage lodi.