Saɓanin Agogo a Rumbunan Bayanai: Dalilai da Sakamakon Tseren Daidaita Lokaci

A da, saita agogon sabar aiki ne na sau ɗaya. Ana haɗa ta da tsarin NTP, wanda David Mills ya ƙirƙiro a 1985, sai a juya ga wasu harkoki. Yau kuwa manyan kamfanoni na zuba maƙudan kuɗi wajen girka agogon atom da eriyar GPS a cibiyoyin bayanansu. Me ya kawo haka?

Babban dalili shi ne rumbun bayanai ya daina zama cikin na'ura guda. An rarraba shi a kan sabobi masu yawa, wasu ma a nahiyoyi daban-daban, kuma agogon kowacce yana ɗan sauri ko jinkiri, har zafin ɗaki kan shafe shi. Idan aka gyara bayani ɗaya sau biyu, tsari irin Cassandra yana duba lokacin da ke jikin kowane gyara, ya riƙe na ƙarshe. To, idan agogon sabar da ta karɓi gyaran farko yana gaba, tsohon bayani ne zai danne sabo, ba tare da kowa ya ankara ba. Ɓarnar da ba a gani ita ta fi wuyar gyara.

Dalili na biyu shi ne daƙiƙar da akan ƙara domin agogon duniya ya dace da juyin ƙasa, abin da aka yi sau 27 tun 1972. Ta ƙarshen Yunin 2012 ta tono matsala a Linux, Reddit ya durƙushe, jiragen Qantas suka makara saboda tsarin rajistar fasinja ya tsaya. A farkon 2017 ma, saboda ƙarin daƙiƙar, lissafin lokaci a Cloudflare ya faɗi ƙasa da sifiri, wani sashen hidimarsa ya samu tangarɗa. Ga kuma doka: tun 2018 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu cinikin hannun jari na gaggawa kada saɓanin agogonsu ya wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa.

Sakamakon ya bayyana a fili. Rumbun Spanner na Google, da aka bayyana a 2012, ba ya iƙirarin sanin ainihin lokaci. Yana ƙiyasta iyakar kuskurensa, ya dakata har ta wuce kafin ya tabbatar da rubutu. Meta ya sanar da komawa tsarin daidaita agogo na PTP a 2022, shekarar da babban taron ma'aunai na duniya a Faransa ya amince a daina ƙara daƙiƙar nan da shekarar 2035.

Sai dai akwai tsada. Wanda ba shi da ƙarfin sayen agogon atom dole ya haƙura da faɗin kuskure, shi ya sa CockroachDB ya ware rabin daƙiƙa a matsayin iyaka, sabar da agogonta ya kauce sosai kuma takan kashe kanta. Haka nan, haɗa majiyar lokaci da ke narkar da ƙarin daƙiƙa sannu a hankali da wadda ke ƙara ta lokaci guda yana haifar da sabon saɓani.

Saboda haka, duk mai kula da rumbun bayanai ya riƙa auna saɓanin agogonsa kullum, ya dogara da majiya fiye da ɗaya masu bin tsari guda. Rigakafi ya fi magani.