Selulos: Zaren Tsirrai a Asibiti da Ɗakin Bincike

Selulos shi ne sinadarin da ke gina bangon ƙwayoyin halittar tsirrai, shi ke ba karan dawa ƙarfin tsayuwa, kuma babu wani sinadari da masu rai ke samarwa a doron ƙasa da ya kai shi yawa. Masanin kimiyyar sinadarai Bafaranshe Anselme Payen ne ya fara ware shi a shekarar 1838, daga baya aka gano cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na zaren auduga selulos ne, a itace kuwa kashi 40 zuwa 50. Asalinsa sukari ne da ake kira gulukos, wanda aka jera dubbai a sarƙe, sai dai irin sarƙewar ta sa cikin ɗan Adam ba ya iya narkar da shi, saniya ma sai da taimakon ƙananan halittun da ke zaune a tumbinta.

Wannan taurin kai nasa shi ne ya ba shi daraja a fasahar sarrafa halittu, wato amfani da masu rai ko sassansu wajen samar da magani da abinci da makamashi, domin abin da jiki ba ya narkarwa, kuma ba ya cika yi masa bore, yana iya cuɗanya da jini ko rauni ba tare da ya lalace ba. A 1943 likitan ƙasar Holan Willem Kolff ya haɗa na'urar wankin ƙoda ta farko da selofen, siririyar fatar selulos da ake ɗura nama a ciki, wadda ƙananan ƙofofinta ke barin dattin jini ya fice su riƙe ƙwayoyin jinin. Ɗan katin gwajin zazzaɓin cizon sauro da na ciki, waɗanda ake gani a kowane ƙaramin asibiti, suna ɗauke da tsiri na selulos da aka sarrafa, shi ke jan ɗigon jini ko fitsari zuwa inda layi zai bayyana. Haka nan garinsa ne ke riƙe ƙwayoyin magani da yawa kada su farfashe, kuma da shi ake yin kwanson kafso a madadin jelatin, wanda akan samo daga fata da ƙashin shanu ko alade, lamarin da ke da muhimmanci ga mai kula da halal.

Ɓangaren da ya fi jan hankalin masu bincike shi ne selulos ɗin da bakteriya ke saƙawa. A 1886 Baturen Ingila A. J. Brown ya nuna cewa yanar da ke tasowa a saman ruwan khal selulos ce, kuma a ƙasar Filifin ana nomanta a ruwan kwakwa a ci ta a matsayin kayan zaƙi. Fifikonta a kan na itace shi ne tsarki, domin ba ta gauraye da lignin, sinadarin da ke manne zaren itace wanda raba shi ke cin wuta da sinadarai masu ƙarfi, sannan zarenta siriri ne ƙwarai, tana kuma riƙe ruwan da ya ninka nauyinta sau da yawa. Saboda haka tun shekarun 1980 ake lulluɓe ƙuna da ita a Birazil, inda take hana rauni bushewa, ta bar iska ta shiga, ta rage raɗaɗi. Ga wanda ya san wahalar sauya bandejin da ya manne a ƙuna, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, ko da yake tsadar abincin da ake kiwon bakteriyar da shi ta hana ta wadata.

Selulos ɗin tsirrai ma ya shiga ɗakin bincike: a Jami'ar Ottawa ta Kanada, Andrew Pelling da abokan aikinsa sun wanke ƙwayoyin halittar tuffa suka bar ƙwarangwal ɗin selulos, suka raini ƙwayoyin halittar mutum a kansa. Aikin na matakin gwaji, kuma a nan rashin narkewar yakan koma cikas, tun da ana so ƙwarangwal ya ɓace bayan sabon nama ya tofo.

Akwai kuma masu neman wargaza selulos ya koma sukari don a yi man ethanol. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wata fumfuna ta riƙa cinye tantuna da kakin sojojin Amurka a Tsibiran Solomon, kuma daga zuriyarta masana'antu ke samun inzayim, wato sinadarin da ke tsinka sarƙar selulos. Kimiyyar ta tabbata, kasuwar ce ba ta da sauƙi: masana'antar da kamfanin DuPont ya buɗe a jihar Iowa a 2015 ta tsaya a 2017, yayin da a Birazil ake ci gaba da tatsar man daga tuƙar rake. Masu hangen irin wannan sana'a a ƙasar Hausa kan ambaci karan dawa da ƙaiƙayin shinkafa, amma wajibi ne lissafinsu ya tuna cewa kara abincin dabbobi ne da rani, da shi ake danga, da shi ake girki, don haka ƙaiƙayin da ke jibge a bayan injinan casar shinkafa ya fi cancantar a fara da shi.