Layin Zaɓe Yana Raguwa, Rajista Tana Kumbura

 Yau zan fara da wani lissafi da ya hana ni sakat tun da na ci karo da shi.

A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 28 ga Maris, 2015, Muhammadu Buhari shi kaɗai ya samu ƙuri'a miliyan 1 da dubu 900 da ɗoriya a jihar Kano. Shekara takwas bayan nan, ranar 25 ga Fabrairu, 2023, ku haɗa ƙuri'un Kwankwaso da na Tinubu da na Atiku da na Peter Obi a Kanon nan, ku zuba su a akwati ɗaya, ba su kai na Buhari na wancan lokacin ba. Bari in maimaita don wanda ke kan hanya: mutum huɗu ba su kamo mutum ɗaya ba. Alhali masu rajista a jihar sun ƙaru, har sun doshi miliyan 6.

Wanda ya ga safiyar 2015 ya san me nake nufi. A makarantar firamaren unguwarmu, ana idar da sallar asuba layi ya miƙe har bakin titi. Wata dattijuwa ta zo da tabarmarta da butarta, katin zaɓenta ƙulle a gefen zani. Na'urar tantancewa ta ƙi karɓar yatsanta sau uku, ta goge shi da mayafi, ta sake miƙawa. Da ta dangwala kuma ba ta tafi ba, ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Lokacin ne ake cewa a kasa, a tsare, a raka. Wasu kuma bakinsu kalma ɗaya ce, sak. A 2023 na koma wannan makarantar. Kafin la'asar malaman zaɓe suna zaune suna jiran mutane.

Abin bai tsaya a Kano ba. A 2003 an ce kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito. A 2011 wajen kashi 54, a 2015 kusan 44, a 2019 wajen 35, a 2023 kuwa bai cika 27 ba. A 2023 ɗin, mutum miliyan 93 da ɗoriya ne a rajistar hukumar zaɓe, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Bola Tinubu ya ci da miliyan 8 da dubu 790 da 'yan kai, wato a cikin kowane mutum goma masu rajista, ko ɗaya cikakke bai samu ba.

Ni dai ina ɗaukar alƙaluman 2003 da taka-tsantsan. Lokacin babu na'urar tantancewa, ana iya cika akwati ba tare da an ga layi ba. Ita ma rajistar yau akwai mamata a cikinta, akwai waɗanda suka yi ƙaura. Amma ko an cire wannan duka, giɓin yana nan, kuma ya dame ni.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne waɗanda suka fito ɗin ba sa bin jam'iyya ido rufe. Kanawa sun bi Malam Aminu Kano da PRP a 1979. A 1993 suka ba Abiola rinjaye a kan ɗan garinsu, Bashir Tofa. A 2023 suka koma NNPP, Kwankwaso ya tashi da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya. Can Legas ma, gidan Tinubu, Peter Obi ne ya zo na ɗaya, da ratar ƙuri'a kusan dubu goma kacal. A jihar da ke da masu rajista miliyan 7 a lokacin, unguwa ɗaya da ta fito da ta iya juya sakamakon.

To me ya zaunar da mutane a gida? Lokaci na hararar mu, sai in taƙaita. Canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya a makonnin zaɓen, wanda ya yi rajista a ƙauye yana aiki a birni ya rasa kuɗin mota. Ga ƙarancin mai. Ga 'yan bindiga a sassan Zamfara da Katsina. Ga kuma maganar da na fi ji a bakin matasa a majalisa, wadda ta fi ci mini rai: mun zaɓa a baya, me muka gani?

Bayan wannan ɗan hutu, layukan wayarmu a buɗe suke. Wanda yake da kati bai fita ba a 2023, shi nake so in fara ji.