Ruwan Tibiri: Garai-garai A Ido, Dafi A Ƙashi

A tsakiyar shekarun 1980 ne garin Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ya sami rijiyar burtsatse. Ruwanta garai-garai, ba wari, ba gurɓata a ido. Sai bayan shekaru aka lura haƙoran yara suna rinewa, ƙafafunsu suna lanƙwashewa.

Da aka auna ruwan, sai aka tarar sinadarin fuloraid, wanda ke narkowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa, ya zarce miligiram 1.5 a kowace lita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Abin takaici, ko tafasawa ba ta raba ruwa da shi.

Kafin ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta FIDH ta fitar da rahotonta a 2002, ɗaruruwan yara sun riga sun naƙasa.