Maimaita Labari Da Turanci: Ƙofar Da Ke Tsakanin Matasan Jimeta Da Kasuwar Aiki

YOLA. A watan Maris na 2024 ne Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alhaji Kashim Shettima, ya ƙaddamar da wani shiri a Gombe, maƙwabciyar Jihar Adamawa, domin jawo hankalin kamfanonin ƙasashen waje su riƙa ba 'yan Nijeriya ayyukan da ake gudanarwa ta wayar tarho da kwamfuta. Tun kafin wannan lokaci, kamfanin Outsource Global, wanda Amal Hassan ta kafa a 2013, ya nuna cewa ana iya sauraron koken abokan ciniki na ƙetare daga Abuja da Kaduna.

Sai dai hajar da ake sayarwa a wannan kasuwa ita ce magana, kuma a nan gizo ke saƙar. A jarrabawar Turanci ta WAEC a Nijeriya, ana amsa sashen furuci ne ta hanyar zaɓen amsa. Saboda haka matashin unguwar Nassarawo a Jimeta, wanda ya tashi da Hausa da Fulatanci, yana iya samun kyakkyawan sakamako, har ya kammala Jami'ar Modibbo Adama, ba tare da an taɓa auna bakinsa ba.

Masu ɗaukar ma'aikata a ƙasashe da dama suna cike wannan giɓi da gwajin baka irin su Versant na kamfanin Pearson, wanda na'ura ke ba da makinsa. A wani sashe nasa akan karanta wa mutum ɗan gajeren labari sau ɗaya tak, sannan a ba shi daƙiƙa 30 ya maimaita da kalmominsa. A jarrabawar PTE Academic kuwa, wadda aka fara a 2009, lacca ce ake saurara, a yi shirin daƙiƙa 10, a yi bayani cikin daƙiƙa 40. Hikimar a fili take: wanda ya iya riƙe labari ya mayar da shi daidai, zai iya riƙe koken mai ciniki ya isar wa manaja ba ragi ba ƙari.

Faɗuwa a irin waɗannan jarrabawa asara ce ta kuɗi. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta haura 1,500 a 2024, kuma duk abin da aka ɗaura farashinsa da kuɗin waje ya bi ta. Mahaifin da ya biya wa ɗansa sau biyu ya taɓa jarinsa.

Abin farin ciki shi ne, shirin ba ya cin kuɗi. Ɗalibi ya saurari gajeren labari a rediyo sau ɗaya, ya riƙe abubuwa huɗu: wa ya yi, me ya yi, a ina, kuma yaya aka ƙare. Daga nan ya naɗi muryarsa a waya yana duban agogo, ya saurara, ya gyara, ya sake. Haddar jimloli ba ta da amfani, domin da zarar kalma ɗaya ta kuɓuce sai harshe ya sarƙe, alhali dogon shiru yana rage maki. Haka nan fassara daga Hausa a zuci tana cinye lokaci. Bugu da ƙari, Bahaushe ya kula da bambancin sautin "p" da "f", wanda mai jin Fulatanci ya riga ya saba da shi.

Al'adar tatsuniya ta riga ta koya wa yaran wannan yanki jera labari daga farko zuwa ƙarshe. Bambancin kawai shi ne, mai tatsuniya yana jan zance don a ji daɗi, mai jarrabawa kuwa taƙaitawa ake nema gare shi.

Ga 'yan kasuwar Jimeta da Yola, darasin ya wuce batun jarrabawa. Mai otal ko mai kamfanin sufuri da ke neman wanda zai riƙa amsa masa waya yana iya karanta wa mai neman aikin labari na rabin minti, ya ce ya maimaita. Abin da zai ji a wannan ɗan lokaci, takardar shaida ba za ta gaya masa ba.