Ko Kun Sani? Tecno, itel da Infinix 'Yan Gida Ɗaya Ne

A rumfar mai cajin waya a Gummi, Anka ko Bukkuyum ba a rasa musu. Saurayi ya rantse Infinix ta fi Tecno, dattijo ya ce a bar shi da 'yar itel ɗinsa mai tocila, wadda ke kwanaki ba caji. Alhali duka ukun kamfani ɗaya ke ƙera su: Transsion, na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Tecno ce babba, tun 2006. Infinix sai 2013. Kasuwar Afirka kamfanin ya sa a gaba, shi ya sa ya dage kan layi biyu, batir mai riƙe caji, da kyamarar da ke fito da baƙar fata tangaran. A 2017 ya zarce Samsung yawan sayar da waya a nahiyar.