Hefarin da gudajin jini a jikin majinyatan korona

Hefarin allura ce ta tsinka jini da aka gano a Amurka tun 1916, kuma har yau ana yi wa majinyacin da ya daɗe a kwance don kada jini ya daskare masa a jijiya. Korona ta shigo Borno a Afrilun 2020, lokacin da aka tabbatar da ita a jikin wani ma'aikacin lafiya da ya rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Cutar idan ta tsananta takan illata bangon jijiyoyi ta haifar da gudaji a ƙafa da huhu, shi ya sa hefarin ta zama abokiyar tafiyar masu jinya mai tsanani.

Sai dai a jikin wasu 'yan tsiraru maganin kan juya. Yakan manne wa wani sinadari mai suna PF4 da ƙwayoyin tsayar da jini, wato filatilet, ke fitarwa. Garkuwar jiki sai ta ɗauki wannan haɗin a matsayin baƙo ta kai masa hari, harin kuma ya zaburar da ƙwayoyin su dunƙule. Yawanci hakan na bayyana kwana 5 zuwa 10 da fara allurar. Lafiyayye yana da ƙwayoyi 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikrolita. A irin wannan majinyaci sukan ragu da rabi ko fiye.

A nan ne ake yawan kuskure. Da zarar dangi sun ji cewa wani abu ya yi ƙasa a jinin ɗan'uwansu, sai su bazama neman mai ba da jini, suna jin tsoron zubar jini. Alhali ƙwayoyin ba ɓacewa suka yi ba, taruwa suka yi a inda bai kamata ba. Kamar kunu ne da ya yi gudaji: sama ya tsinke, ƙullun yana can ƙasa a dunƙule. Ko kekunan napep da suka cunkushe a bakin Kasuwar Monday. Mai ƙirga su a Bulumkutu zai ce sun yi ƙaranci a gari, alhali suna can sun toshe hanya. Ƙara wa irin wannan majinyaci filatilet, in ba jini yake zubarwa ba, tamkar tura ƙarin kekuna ne cikin cunkoson.

Gane matsalar a Maiduguri ba abu ne mai sauƙi ba, don zazzaɓin cizon sauro, da ƙwayoyin cuta a jini, da ita kanta korona duk suna rage filatilet. Gwajin da ke tabbatar da ita ba kowane asibiti ke da shi ba. Likita kan dogara ne da girman raguwar, da lokacin da ta zo, da ɓullar sabon gudan jini, da rashin wani dalili. Duk wannan ya rataya ne a kan ƙirga ƙwayoyin kafin fara allura da maimaitawa a kai a kai, gwajin da bai kamata a tsallake shi ba don aljihun dangi ya yi rauni.

Idan zargi ya yi ƙarfi, ana tsayar da hefarin gaba ɗaya, har wadda ake wanke robar ƙarin ruwa da ita, a koma wani maganin tsinka jini kamar fondaparinux ko rivaroxaban. Tsayarwa kaɗai ba ta isa ba, haɗarin gudaji yana nan har makonni. Warfarin kuwa, wanda shi ma maganin tsinka jini ne, sai ƙwayoyin sun farfaɗo. Ya kamata a rubuta abin a katin majinyaci, musamman a yankin da ciwon ƙoda ya yawaita kamar Borno da Yobe, tunda wankin ƙoda da hefarin ake yi.

Jita-jitar daskarewar jini da ta biyo bayan isowar rigakafin korona na AstraZeneca Najeriya a Maris 2021 tana da dangantaka da wannan. Masu bincike a Jamus da Birtaniya sun gano cewa a jikin mutane ƙalilan ƙwarai rigakafin yakan tayar da irin wannan hari kan PF4 ba tare da hefarin ba. Gudajin da korona ke haifarwa a jikin wanda ta kwantar sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.